Kada Mu Binne Ta Tun Tana Da Rai

 Yau na zo muku da magana mai nauyi, wadda na daɗe ina juya ta a raina kafin in ɗauki alƙalami, domin akwai laifina a cikinta. Ina roƙon wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, in da hali ma a karanta a tsakar gida, maigida yana ji.

Ni malamar makarantar firamare ce a Kutama, cikin ƙasar Gwarzo. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana aure a nan cikin gari. 'Ya'yanta shida, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ita ce uwar adashin unguwarsu. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "Uwata". Shekara huɗu ke nan da ta ji wani ɗan ƙulli a nononta na hagu, bai fi ƙwallon dabino ba. Da yake ba ya ciwo, sai ta ƙyale shi. Da ya soma girma ta nuna wa wata tsohuwa, aka ce ai daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in aka taɓa shi sai ya fusata. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe da turare har wajen shekara guda. Abin da ya kai ta asibiti ma ba nonon ba ne, ciwon baya ne da ƙugu, wanda ya hana ta durƙuso a bakin murhu. Daga nan aka tura mu wani asibiti a Kano, aka ɗauki hoto, aka ɗebi ɗan nama daga ƙullin aka kai awo, bayan 'yan makonni aka ba mu takarda.

Ni na karɓi takardar, don ni ce mai karanta Turanci a cikinmu. Likita ya ja ni gefe tare da maigidanta, ya ce sankarar nono ce, kuma ta riga ta bazu zuwa ƙashin baya da na ƙugu. Ya ce in ta kai wannan matsayi ba a maganar warkewa, sai dai a yi ta danne ta da magani. Muna fitowa maigidanta ya tare ni da roƙo, ya ce don Allah kada in faɗa mata, zuciyarta za ta karye. Da muka dawo gida Baba ma haka ya ce. Amma tun a cikin mota Gwaggo ta dube ni ta ce, "Uwata, me takardar ta ce?" Na ce, "Sanyi ne ya shiga ƙashi, Gwaggo, sun ce da sauƙi." Wata biyar cur ina maimaita mata wannan ƙarya.

To, ku ji abin da ƙaryar ta jawo. Da yake sanyi aka ce mata, ba ta ga dalilin da zai sa ta riƙa zaryar Kano ba, ranar komawa ta zo ta wuce. Ƙwayar da aka ce ta sha kullum, in ta ɗan ji dama sai ta ajiye. Wani mai magani ya zo kasuwa da lasifika yana rantsuwa cewa kwana arba'in ya ishe shi ya raba mutum da kowane irin sanyi, ta sayar da awakinta uku ta miƙa masa. Mu kuwa da muka san gaskiya muna kallo, bakinmu ya mutu, domin in muka hana ta sai mun faɗi dalili. A wannan tsakani labari ya riga ya zaga unguwa, kowa ya sani ban da ita. Aka ware mata kwano da moɗa. Masu sayen ƙuli-ƙuli suka janye.

Wata rana bayan sallar isha'i ina matsa mata ƙafa, sai ta ce, "Uwata, ni fa ba yarinya ba ce. Na ga an ware mini kwano, na ga Malam ya daina yi mini faɗa, ke kuma kin daina kallon idona. Faɗa mini sunan abin da ke jikina." Na faɗa mata ina kuka. Ta yi shiru, ta yi salati, can sai ta ce, "Da kin faɗa mini tun da wuri, ai da ban sayar da awakina ba."

Wannan magana ita ce ta sa ni rubutun nan. Ra'ayina shi ne, mace baliga mai hankali, in ciwon daji ya bazu a jikinta, ita ce ta fi kowa cancantar ta sani. Ɓoyon da muke yi da sunan tausayi, kanmu muke tausaya wa, don kada mu ga hawayenta. Ita kuwa sai mu bar ta cikin duhu ita kaɗai, tana ta lissafi da fuskokinmu.

Na san abin da manya za su ce, don an faɗa mini. Za a ce likita ba Allah ba ne, wa ya san gawar fari? Gaskiya ne, kuma ban ce a je a yanka wa mace ranar mutuwa ba, likitan kirki ma ba ya yin haka. Mutum nawa masu lafiya aka binne a Kutama cikin shekara ukun nan, Gwaggo na zaune tana karɓar gaisuwa? Amma sanin sunan ciwo ba ya rage wa mutum kwana, kuma ba ya raba shi da tawakkali. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa a nemi magani, kuma a yi shiri. Mace tana da bashin da ake bin ta da wanda take bi, tana da ajiyar mutane a ƙarƙashin gado, tana da ramuwar azumi, tana da wadda suka shekara ba sa ga-maciji tana son su yafi juna, tana da 'yar da take son ta ce ga hannun da za a sa ta. Shari'a ta ba ta dama ta yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarta ba. In mun ɓoye mata har sai harshe ya yi nauyi, wa zai ɗauki alhakin wannan? Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai faɗa ma iyawa ne. Ba a tsakiyar taron dubiya ake yi ba, ba kuma a bakin ƙofar asibiti ana sauri ba. A samu wanda ta fi yarda da shi, a zauna, a fara tambayar ta me ita ta fahimta game da ciwon, kuma nawa take son ta ji. Akwai wadda za ta ce, "Ni kada ku gaya mini kome, ku yi magana da ɗana." To wannan zaɓinta ne, sai a bi. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓa mata.

Yanzu bari in ɗan bayyana ciwon kansa, yadda na fahimce shi a bakin likitoci da abin da na karanta, domin rashin sani shi ke haifar da rabin wulaƙancin da masu ciwon ke sha. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ke haihuwa su mutu bisa tsari. Sankara ita ce wasu daga cikinsu su ƙi bin tsari, su yi ta hayayyafa har su zama ƙulli. In aka bar ƙullin ya daɗe, sai wasu ƙwayoyin su ɓalle, su bi jini ko su bi ta kaluluwar hammata, su je su yi sabon gida a wani wuri. Wuraren da suka fi zuwa su ne ƙashi, da huhu, da hanta, da ƙwaƙwalwa. Wannan shi likitoci ke kira mataki na huɗu. Wanda ya je ƙashi ɗin nan har yanzu ciwon nono ne, shi ya sa maganin ciwon nono ake ba shi.

Ba a ɗaukar sa. Ku sake karanta wannan. Ba a ɗaukar sa ta kwano, ko moɗa, ko zani, ko shimfiɗa, ko wankin gyambo. Ba kishiya ce ta yi jifa ba, ba kuma kuɗin da ake sokewa a rigar mama ne ke kawo shi ba. Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, ga inda ta samo asali: sai ciwo ya ci ya cinye sa'an nan muke kai mace asibiti, in ta rasu bayan aiki sai a ce wuƙa ce ta fusata shi, alhali jinkirinmu ne. Hukumar binciken ciwon daji da ke birnin Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu da sankarar nono a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu da ita. A duniya baki ɗaya a wannan shekara, mata kamar miliyan 2.3 suka kamu, kamar 670,000 suka rasu. Ku auna da kanku: a duniya masu rasuwa ba su kai sulusin masu kamuwa ba, a nan kuwa rabi ne. Babban dalili shi ne yawancin matanmu ba sa isa gaban likita sai a mataki na uku ko na huɗu.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, "ba a warkewa" dabam, "babu magani" dabam. Mu nan mun haɗa su wuri guda, da an ji na farko sai a naɗe tabarma a koma gida jiran ajali. Alhali mai hawan jini ma ba ta warkewa, mai ciwon sukari ba ta warkewa, amma ba wanda ya ce su daina shan magani. Ban ce ciwon daji ɗaya yake da waɗannan ba, ya fi su sauri, ya fi su mugunta, kuma ba zan ruɗe ku ba, galibi shi ke zama sanadi daga ƙarshe. Amma tsakanin ranar takarda da wannan ranar akwai rayuwa, wata watanni, wata shekaru, kuma magani yana iya tsawaita ta ya kuma sauƙaƙa ta.

Naman nan da ake ɗiba a kai awo, wanda muke gudu, shi ke nuna irin maganin da zai yi aiki. Akwai sankarar da ke cin abinci daga sinadarin da ke jikin mace, wanda ke tafiyar da al'ada. Irin wannan ita ta fi yawa a duniya, kuma ita ce ta Gwaggo. Ana ba ta ƙwaya mai suna tamoksifen, ana sha kullum, magani ne da ake amfani da shi tun shekarun 1970, kuma cikin magungunan daji yana daga masu sauƙin kuɗi. Wadda al'adarta ta ɗauke akan ba ta wata ƙwayar, kamar letirozol. Akwai wadda sai an yi mata ƙarin ruwan nan mai ƙarfi da ake kira kemo, mai zubar da gashi da tayar da zuciya, gashin kuwa yana sake tsirowa in an gama. Akwai wani iri kuma da likitoci ke kira HER2, wanda ke da allurarsa ta musamman mai suna Herceptin, da aka fara amfani da ita a Amurka a 1998, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. In magani ɗaya ya daina aiki, akan canza wani. Saboda haka komawa asibiti a ranar da aka sa wajibi ne, ko da mace tana jin garau.

Ga wadda ciwon ya shiga ƙashi, akwai ƙarin ruwa na ƙarfafa ƙashi, akwai kuma gashi da na'ura, wanda ke kwantar da zugin wuri guda, wani lokaci ma zama ɗaya ya wadatar. Ana yin wannan gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiyar daji a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala suna ganin masu ciwon nono. Shawarata, kafin a ɗora mai ciwon baya a mota a yi doguwar tafiya, a sa likitan da ya tura ku ya tabbatar da ranar da za a karɓe ku.

Sai maganar zafi, wadda nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Mun ɗauka cewa mai ciwon daji dole ta yi ta kuka har ta mutu, mu kuma namu "sannu" ne da "Allah ya sa kaffara ne". Amin, amma akwai magani. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin zafin daji hawa-hawa: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau na gaba, in zafi ya tsananta a ba da mofin. Kuma ana shan sa ne bisa agogo, ba sai zafi ya taso ya kayar da mutum ba. Na san abin da ke tsorata mu. Mun ga yadda kodin da tiramol suka lalata mana samari da 'yan mata, har da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Da likita ya rubuta wa Gwaggo mofin, maigidanta cewa ya yi shi ba za a mai da masa mata 'yar ƙwaya ba. Amma mai shaye-shaye maye yake nema, mai ciwo kuwa barci take nema, da ta iya miƙewa ta yi alwala. In likita ne ya rubuta, aka bi ƙa'ida, ba abin kunya ba ne. Abu biyu kawai za a kiyaye: yana ɗaure ciki, sai an haɗa da maganin sassauta bayan gida, sa'an nan a kulle shi a akwati, kada hannun yara da samarin gida ya kai.

A ƙasar Yuganda wata likita haifaffiyar Ingila mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudancin Nijeriya, ta kafa gidan kula da irin waɗannan majinyata a 1993, ta kuma shigo da mofin na ruwa mai araha wanda ake sha a gida. A 2004 ƙasar ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su riƙa rubuta shi, don likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba. Abin da nake roƙon hukumominmu shi ne kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, daga Gwarzo har Kabo, a ajiye ma'aikaciyar jinya guda wadda wannan ne aikinta, mai magani a hannu, mai shiga gidaje. Bai kamata mace mai karyayyen ƙugu ta sha jijjigar hanyar Kano don kwalbar magani ɗaya ba.

In nonon ya fashe ya zama gyambo, nan ne ake gudun mace, saboda wari. A wanke shi a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri, a rufe da tsumma mai tsabta, a canza in ya jiƙe. Kada a zuba toka, ko kanwa, ko garin da ba a san mene ne ba, kada kuma a bar wanzami ya yi sakiya. Ma'aikatan jinya sukan sa a niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa, tana kashe warin ƙwarai, a tambaye su yadda ake yi. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida. In ƙafafu suka soma sanyi ko mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba sani, to ciwon ne ya danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya zama gurguntaka. Haka in numfashi ya soma wuya, ko ƙishirwa ta yi yawa tare da ruɗewa, ko wani ƙashi ya yi zafi farat ɗaya har ba ta iya taka shi.

Bari in juyo kanmu mata, masu zuwa dubiya. Wallahi wata dubiyar gara ba a zo ba. A cika ɗaki, a zuba wa mace ido, wata ta fashe da kuka, wata ta kawo labarin 'yar'uwarta da irin wannan ciwon ya kashe cikin wata biyu, kowace kuma da ƙullin maganinta da sunan wani mai magani a wani ƙauye. In an fita sai a tsaya a zaure ana cewa, "Kin ga yadda ta koma?" Tana fa ji. Gwaggo ta ce da ni abin da ta fi kewa shi ne a zo a yi hira da ita kamar da, a ba ta labarin wa ya yi aure, wa ta yi yaji, nawa kwanon gyaɗa yake a kasuwar Getso. In kina son lada, 'yar'uwa, ki zo da itace, ko ki ɗebo ruwa, ko ki yi wa 'yan matanta kitso, ko ki zauna ki ci tuwo kwano ɗaya da ita mutane na gani. Wannan na ƙarshe ya fi kwalbar zuma.

A nan dole in yaba wa wadda ba a saba yabo ba. Kishiyar Gwaggo, wadda suka shekara goma sha biyar suna zaman doya da manja, ita ce ta karɓi girkinta ba tare da an roƙe ta ba, ita ke kai ta makewayi, ita ta fara mai da kwanonta cikin na mutane. Da aka soma raɗe-raɗin cewa ita ta yi jifa, Gwaggo da bakinta ta kashe maganar a gidan suna. Ga masu gida kuma, da na ce a karanta suna ji: mun san gidajen da mace na kwantawa sai a ce ta tafi gidansu ta yi jinya, shi ke nan, ba saki ba aure, ba a sake ganin ƙeyar miji sai ranar jana'iza. Matar da ta haifa maka shida, ta ci da kai da kuɗin ƙuli-ƙuli a shekarar da gona ta ƙi, ba tsohon takalmi ba ce. In ita ta zaɓi ɗakin uwarta, to, a kai ta, amma ci da sha da magani suna nan a wuyanka.

Kuɗi kam shi ne dutsen da ke kan hanya, ba zan ce ba haka ba. Kuɗin mota, kuɗin hoto, kuɗin awon jini, kafin a zo ga magani. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na taimakon marasa galihu masu sankarar nono, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza, kuma asibitin Shika yana cikin na farko da aka fara da su. Ba kowa ke samu ba, amma wadda ba ta tambaya ba tabbas ba za ta samu ba, sai a nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti a yi bayani. Masu fitar da zakka su tuna da irin waɗannan gidaje. Mu kuma da ke iya tara kuɗin anko cikin mako guda, me zai hana mu ware wani abu a adashinmu don kuɗin motar mai jinya? A Ibadan wata mata, Betty Anyanwu-Akeredolu, da ta yi fama da ciwon nono ta tashi, ta kafa ƙungiyar wayar da kan mata a 1997, ta fito fili ta ce ga abin da ya same ta. A Arewa muna da Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid, mai wannan fafutuka. Gwaggo ba ta san su ba, amma a layin ganin likita ta haɗu da mata biyu masu irin ciwonta, suka karɓi lambar juna, yanzu in dare ya yi mata tsawo su take kira. Ta ce akwai maganar da sai wadda ke ciki ake iya gaya wa.

Ta wajen ibada ma a sauƙaƙa mata, domin addini ya sauƙaƙa. In ba ta iya tsayuwa ta yi salla a zaune, in ba ta iya ba a kwance, in ruwa na cutar da ita ga taimama, azumi kuma akwai hukuncin mara lafiya, a tambayi malami. Na ga matan da ke barin magani da rana a watan azumi suna murƙususu, don kada a ce imaninsu ya yi rauni.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu karanta takardar asibiti a gidajenku, kamar yadda na zama. In aka miƙa miki, ki karanta, abin da ba ki gane ba ki tambayi likita ya maimaita da Hausa, ki rubuta sunan kowane magani da lokacin shan sa da ranar komawa a bayan littafinki. In manya suka ce ki yi ƙarya, ba na ce ki yi musu rashin kunya ba, amma ki roƙe su a koma wurin likita tare da mai ciwon, ya yi mata bayani da kansa. Iyaye kuma don Allah kada a cire yarinya ɗaya daga makaranta a ɗora mata jinya duka. A ajina akwai kujerar da ta zama wayam saboda haka. A raba kwana tsakanin dangi. Sa'an nan kowace mace, babba da yarinya, ta san nononta. In kin ji ƙulli, ko fata ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ki nuna a asibiti a makon nan, ko da ba ya ciwo. Yawancin ƙullin 'yan mata ba daji ba ne, amma awo ne ke rabewa. In kuwa an taɓa yin ciwon a danginku, ki faɗa wa likita. Wanda aka kama da wuri ana warkewa sarai.

Shekara biyu da rabi ke nan da daren da na faɗa wa Gwaggo gaskiya. Tun daga ranar ba ta sake tsallake ƙwayarta ba, ta ɗaure ta a bakin zani tare da goro. Ta biya bashinta, ta karɓo nata, ta sa na rubuta mata wasiyya a gaban Baba da limamin unguwa, ta miƙa adashi ga wadda ta yarda da ita. Ta aurar da 'yarta ta biyu, tana zaune a kujera tana ba da umarnin yadda za a jera kwanuka. Ba ta iya tuya yanzu, kishiyarta ke yi, ita kuma tana ɗanɗanawa tana kushewa. Akwai makon da ba ta fita ɗaki, akwai daren da nake jin tana kuka ta ɗauka na yi barci. A zuwanmu na baya likita ya ce ƙwayar ta soma gajiya, za a duba huhu, wataƙila a canza magani. Wannan karon a gabanta ya faɗa, ita ta yi masa tambayoyi, ni tafinta kawai na yi.

Da muka dawo ta aiki ɗanta kasuwa ya sayo mata ɗan rago, ta sa aka ɗaure shi a ƙofar ɗakinta inda za ta riƙa ganin sa daga kan gado. Na ce, "Gwaggo, wa zai yi miki wahalar kiwo?" Ta ce, "Ke za ki riƙa kawo dusa, Uwata. Kuɗin awakina uku nake bin ki."